Kuɗin Fansa a Cikin Katanga

Ko yanzu da tsufa ya cinye mini rabin ji, in hadari ya taso daga wajen teku sai in shiga tattara kayana ina leƙen tudu. Yaran maƙwabta dariya suke yi mini, wai tsohuwa mai tsoron yayyafi. Ƙyale su nake yi. Wanda bai taɓa zama a gindin tudu a garin nan na Salvador ba, bai san ruwan sama ba, labarinsa kawai yake ji.

Garin hawa biyu ne. A ƙasa, bakin teku, akwai rumbunan 'yan kasuwa da jiragen ruwa. A sama akwai majami'u da gidajen masu hali. Tsakaninsu gangare ne mai jar ƙasa, kuma a jikin irin waɗannan gangaren muke maƙale, mu da ba mu da zaɓi. Namu ɗakuna shida ne a jere, ƙasa da unguwar Barroquinha, sun juya wa tudu baya. Tsakanin bayan ɗakunan da tudun akwai ɗan lungu, nan muke girki, nan muke wanki, nan yara ke wasa. In ka ɗaga kai daga lungun ba abin da za ka gani sai jar ƙasa a tsaye a kanka da saiwoyin ayaba.

An kawo ni daga ƙasar Zazzau ina budurwa, a jiragen bayi na ƙarshe-ƙarshe. Wata Baturiya ta saye ni, ta sa ni suyar ƙosai a bakin titi, ina biyan ta murgu duk mako, abin da ya yi saura nawa ne. Da wannan saura na fanshi kaina bayan shekaru. Sai dai kafin takardar 'yancina ta fito na riga na haihu, kuma a dokar ƙasar nan ɗa matsayin uwarsa yake ɗauka a ranar da ya faɗo duniya. Ni na fita, 'yata ta zauna a hannun uwargijiyar. Mahaifinta ɗan dako ne, ya rasu shekarar annobar amai da gudawa, ya bar ni da kasko da wannan nauyin.

'Yar fari ce, saboda haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna a gaban mutane cewa ya dame ta. Ban iso ƙasar nan da ko ɗankwali ba, wannan kunyar kaɗai na iso da ita, shi ya sa na riƙe ta da haƙori. Kullum da safe yarinyar takan sauko da ganga a ka za ta famfon unguwa ɗebo wa uwargijiyar ruwa, dole ta bi ta gaban kaskona. Lokacin tana da shekara goma sha biyar, doguwa kamar ubanta.

"Ina kwana, Inna?"

"Lafiya. Wuce, kina tare mini ciniki."

Ƙosai uku na nan a ganye a gefen tire tun kafin ta iso. Takan ɗauka ba tare da ta tsaya ba, ni kuma in bi ta da wutsiyar ido har ta sha kwana.

Muna da adashi a lungun. Hausawa mun riga mun ƙaranta a garin, tsofaffi sun fi yawa, don haka da Yarabawa muke yi, waɗanda a nan ake ce wa Nago. Adashinmu ba na biki ba ne, na fansa ne. Duk Lahadi kowa ya kawo zubinsa, in ya taru a ba mutum ɗaya ya je ya sayi kansa ko ya sayi nasa. Uwar adashin maƙwabciyata ce, Bayarabiya mai wankau, mace mai baki kamar reza amma mai amana. Uwargijiyar ta riga ta yanka mini farashin yarinyar da bakinta. Na lissafa, na sake lissafawa, abin da na ɓoye in aka haɗa da kwasata zai kai daidai. Kwasar tawa kuwa ta faɗo ana saura wata biyu damina, wadda a nan take sauka lokacin da ƙasarmu ke fama da zafin bazara.

To, daminar da ta gabata tudun ya yi mana gargaɗi. Wata rana da hantsi ya saki wani ɓangare, laka ta cika lungun har gwiwa, ta shiga ɗakuna biyu ta binne murhuna. A wani gangaren can gaba da mu ba gargaɗi aka yi ba, gidaje ne suka tafi da mutanen ciki. Na je na gani da idona ana tono da hannu.

Mun kai kuka. Muka biya wani mai rubutu ya rubuta mana takarda zuwa majalisar gari. Bayan wata biyu wani ma'aikaci ya zo da laima da igiyar awo, ya tsaya daga nesa don kada takalminsa ya ɓaci, ya ce lalle wurin yana bukatar katangar dutse da magudana. Muka ce alhamdu lillahi, yaushe za a fara? Ya ce baitulmalin gari babu ko tsinke, ana jiran kuɗi daga gwamnatin lardi. Kuɗin sun zo kuwa, mun ga aikinsu: babbar katanga aka ja a saman rumbunan 'yan kasuwa, don buhunan sukari kada su jiƙe. Muka je wajen mai ɗakunan, wanda ke zaune can unguwar Vitória yana shan iskar teku. Ta bakin baransa ya aiko mana da amsa, wai shi ɗaki ya ba mu haya, bai ba mu tudu ba.

Shi ke nan sai Baba Magini ya kira mu. Bakano ne, tsoho tukuf, ya yi wa manya gini a birni kafin yaƙi ya ci shi a sayar da shi. A nan ya ɗauki Turawa a kujerar kafaɗa har gwiwoyinsa suka gaza. Shi ke ja mana salla a ɓoye, shi ya ɗaura mini aure, shi ya raɗa wa yarinyar suna. Ba ni da wani uba a wannan gefen teku in ba shi ba. Muka shiga ɗakinsa bayan azahar ɗaya bayan ɗaya, aka turo ƙofa, domin tun boren bayi Musulmi da ya tashi a titin Ladeira da Praça shekaru da dama kafin nan, in baƙaƙen Afirka biyar suka taru 'yan sanda sai sun zo jin dalili.

Baba ya ce, "Jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Hukuma ta ba mu amsa, mai gida ya ba mu amsa. Ƙarfi muna da shi, gayya za mu yi. Amma dutse da farar ƙasa ba a sayen su da ƙarfi."

Kowa ya san inda kuɗi suke, kuma kowa ya san na wane ne. Kwasata ake nufi.

Baba ya juyo gare ni. "'Yata, ba mai tilasta miki. Mun san abin da kike tari dominsa. In kin ce a'a, a'a ce, ba wanda zai ga laifinki. Me kika ce game da yarinyar?"

Da a ce kan kuɗi ya tambaye ni, wallahi da na ƙi. Ina da bakin ƙin, duk kasuwa ta san ni. Amma kan yarinyar ya tambaye ni, a gaban maza, a gaban dattawa, idanu duk a kaina. In buɗe baki in ce ina son 'yata, in ce ba na barci saboda ita? Sai na ji muryata tana cewa:

"Wace yarinya kuma, Baba? Ai tana nan lafiya inda take, tana ci tana sha. A yi katanga."

Aka yi ta sa mini albarka. Aka yanke cewa kwasa ta gaba, bayan wata huɗu, tawa ce, kowa ya janye. Muna fita Bayarabiyar ta damƙe hannuna har sai da farcenta ya shiga.

"Ke wace irin uwa ce? Da 'yata ce, a ƙasa zan kwanta in yi ta birgima har su ji kunya su nemi wata hanya!"

"Ba za ki gane ba."

"Ba na ma son in gane," in ji ta. Ta yi kwana biyu ba ta gaishe ni ba.

Aka fara aiki. Ranar Lahadi muke gayya, ranar da masu iyayengiji ke samun sarari. Maza na haƙa, mu mata muna jigilar dutse da yashi a ka daga bakin titi, babu ganga babu waƙa don kada mu jawo ido. Duk dutsen da na ɗauka sai in ji kamar wani yanki na yarinyar nake kaiwa a binne, amma ban taɓa fashi ba. Ma'aikacin majalisa ya ce dole a sa magini mai takarda, don haka muka ɗauki wani haifaffen nan na 'yan kwanaki. Mutumin nan yana ɗora dutse yana cusa guntayen gora a tsakani, kamu biyu-biyu, bakinsu ɗaya a cikin tudu ɗaya a waje. Baba na zaune a kan turmi yana kallonsa, baki a taɓe.

Ranar da mutumin ya karɓi ladansa ya tafi, Baba ya miƙe ya dogara sandarsa ya bi katangar yana leƙa hudojin.

"Wannan katanga ce ko rariyar tankaɗe? Gidan ɓera da maciji ya gina mana."

Ya sa aka zare gorar, ya toshe kowace huda da dutse da farar ƙasa, ya bi da yaɓe sumul. A saman katangar ya tsara magudana mai kyau wadda za ta kwashe ruwan da ke gangarowa ta kai shi titi. Gaskiya aikin ya yi kyau, mutane har daga wasu lungunan suke zuwa kallo. Na daɗe ban ga tsohon nan yana tafiya a miƙe haka ba.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Shekara ashirin ina yawo a garin nan da tire a ka, kuma duk katangar da na gani tana tare tudu, da hudoji a jikinta, suna tsiyaya ko ba a yi ruwa ba, har gansakuka ta fito a bakinsu. Na same shi shi kaɗai na durƙusa.

"Baba, na ga katangun Turawa duk da huda a jikinsu."

"Lalaci ne da rowar farar ƙasa," in ji shi. "Ni na yi ginin ƙasa zalla a Kano da ya ga damina arba'in. Ruwa daga sama yake zuwa, 'yata. In ka ba shi hanya a sama, ka hana shi shiga jiki, ka gama da shi."

A Kano gaskiya ya faɗa. Can ruwa ya zuba ya wuce, rana ta fito ta busar. A nan sai a yi mako ana yi, tudu ya sha ya ƙoshi har ruwa ya riƙa fitowa daga cikinsa. Na san wannan a jikina, amma ban iya jera shi a magana ba, kuma wace ce ni da zan koya wa magini gini? Na ce Allah ya ƙara girma, na tashi.

Ba a yi mako uku ba wani abin ya taso. Ɗan uwargijiyar ya dawo daga kudu, kuma a lokacin dillalai sun cika garin suna sayen matasa ana kai su gonakin gahawa can nesa, inda wanda ya tafi ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Wata safiya yarinyar ta tsaya a gaban kaskona, abin da ba ta saba yi ba.

"Inna, jiya wani mutum ya zo gidan. Ya ce in buɗe baki, ya duba haƙorana."

Akwai masu saye biyu a tsaye suna jira. Na ce, "To, sai me? Ba ki da haƙoran ne? Wuce." Ta wuce. Ranar ƙosaina duk ya ƙone, na koma gida da rabin ƙullu.

Washegari na hau wajen uwargijiyar da abin da na ɓoye, na roƙe ta ta karɓa a matsayin kafin alƙalami, saura bayan damina. Ta ce ita ba ta sayar da kaya gutsure-gutsure, in kawo duka, kuma maganarta tana nan. Ba ta kalle ni ba da take faɗa, allurarta take kallo.

Damina ta sauka. Makon farko magudanar Baba ta yi aiki kamar an biya ta, ruwa na bi ta sama yana zuba a titi, lungunmu a bushe ƙaf. Kowa na murna. A mako na uku ina tsugune ina hura wuta na lura katangar ta yi ciki a daidai bayan ɗakina, kaɗan dai, kamar mai wata uku. Na shafa, na ji sanyi da danshi. A ƙasan wurin akwai tsaga siririya. Na karyo tsinken tsintsiya na gwada, bai shiga ba. Bayan kwana biyu ya shiga. Bayan wasu biyun tsinke uku suka shiga tare.

Abin da na yi daga nan, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Na kwaso itacen girkina na jera a jikin tsagar, na rufa da tsohuwar tabarma. Na san in mutane suka gani za a ce a rushe a sake, kuma na san da kuɗin da za a sake. Kwasata ta biyu ce za ta bi ta farko. Na ce wa kaina abin da ya rage bai kai wata biyu ba, katangar dutse ce, za ta jure. Amma 'ya'yan Bayarabiyar su uku a gindin wurin suke wasan gidan ƙasa. Na riƙa korar su ina zagi ba gaira ba dalili, har uwar ta tambaye ni ko aljanu ne suka shafe ni. In ina suya a titi kunnena na lungu, duk amalanken da ya wuce da ƙara sai in zabura in ce ta faɗi. In ina lungu kuma hankalina na saman gari, ina tunanin mai duba haƙora. Tsoro biyu nake ɗauke da su, kuma ba wanda zan iya sauke wa ko ɗaya.

Ana haka yarinyar ta daina saukowa. Wannan bai tayar mini da hankali ba, domin gidan uwargijiyar yana da rijiyar da indararo ke zuba a ciki, in damina ta kankama ta cika ba a aiken kowa famfo. Haka ake yi duk shekara. Har ma na ji daɗi, na ce ta huta da santsin gangare.

Sai aka shiga ruwan da ba ya ɗaukewa. Kwana uku ana yi, ba mai fita. Rana ta uku bayan azahar ina ɗaki na ji wani sauti daga baya, kamar ana taka busasshen kara a hankali. Na fita. Itacen da na jera ya zube da kansa, tsagar ta buɗe har hannuna zai shiga, jan ruwa na tsartuwa ta ciki. Cikin katangar ya turo sosai, ƙananan duwatsu na faɗowa ɗaya-ɗaya. A ɗakin da ke kusa ina jin yaran Bayarabiyar suna dariya.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauko taɓarya na nemi tabon hudar da Baba ya toshe, don yaɓen wurin ya fi fari, na shiga duka. Sau nawa na daka ban sani ba. Toshiyar ta faɗa ciki, sai ruwa ya yo tsiri ya buge ni a ƙirji har na zauna a laka. Na tashi na nufi ta biyu. Ƙarar ruwan saman kwano da na magudana da na hudar duk sun haɗu, ko muryata ba na ji.

Ina kan ta uku na ji an riƙe taɓaryar. Baba ne, ba hula, ruwa na bin gemunsa, mutane a bayansa.

"Ke! Kin haukace? Aikin jama'a kike rushewa?"

Ban durƙusa ba. Na fizge taɓaryar daga hannun tsohon da ban taɓa haɗa ido da shi ba.

"Sakar mini, Baba! 'Yata ce a cikin katangar nan! Kuɗin 'yata ne, 'yata ta cikina, na bayar don kunyarku! In ta faɗi me zan ce na saya da ita?"

Sai ya kalli jan ruwan da ke fita ta hudoji biyun, ya kalli cikin da katangar ta yi, ya kai tafin hannunsa ya dafa ta ya daɗe. Magini ne na gaske, hannunsa ya gaya masa abin da bakina ya kasa. Ya juya ga mazan ya ce, "Ku fitar da yara. Ku ɗauko duk abin da ke da tsini." Shi da kansa ya riƙa nuna musu inda ya toshe, ɗaya bayan ɗaya, bai manta ko guda ba. Kafin la'asar sakaliya katangar na zubar da ruwa ta huda goma sha wani abu, lungun ya zama rafi, ɗakunanmu duk sun jiƙe. Amma ƙarar karan nan ta tsaya, katangar kuma ba ta faɗi ba.

Da gari ya waye Baba ya aiko a kira ni. Na tafi ina jiran faɗa. Na tarar da shi da Bayarabiyar, kansa a sunkuye.

"'Yata, na tambaye ki abin da bai kamata in tambaye ki a gaban mutane ba. Na san amsar da za ki bayar tun kafin in tambaya. Ki yafe mini."

Ya ce ba za a jira ƙarshen damina ba, gyaran katanga kuma ba zai ci ko kwabo daga adashi ba. Abin da ya taru bai kai ba, sai aka shiga haɗawa. Bayarabiyar ta bi ɗaki-ɗaki da bakin nan nata, masu zubi suka kawo na makonni masu zuwa, Baba ya sayar da gudumarsa da cokalin gininsa da babbar rigarsa guda ɗaya. Kwana biyar aka yi. Ranar ta shida rana ta fito, na yi wanka, na ɗaura kuɗin a ƙugu, na hau tudu. A hanya har ina tsara yadda zan yi in mun sauko tare, in sa ta gaba ina yi mata faɗan tafiyar hawainiya don kada mutane su ga fuskata.

Tsohuwar kukun gidan ce ta buɗe mini ƙofar baya. Tare muka yi bauta a gidan, ta san ni tun ina sabuwar zuwa. Da ta gan ni sai ta kai hannu ta rufe bakinta.

"Ba a gaya miki ba?"

Na ce mene ne. Ta ce ɗan uwargijiyar ya gama ciniki da dillalin tun makon jiya. An sauka da yarinyar da wasu guda huɗu zuwa rumbun bakin teku, kuma jirgi mai hayaƙi ya tashi da su kudu shekaranjiya, da teku ta lafa.

Na tambaye ta wace rana aka fitar da ita daga gidan.

"Ranar babban ruwan nan, bayan azahar. Ni na raka su da laima har gangare. Babbar hanya ta yanke, sai dillalin ya bi da su ta matakalar da ke saman lungunku. Da ta hango rufin ɗakinki ta tirje, ta riƙe ƙarfen matakalar, ta yi ta kira, Inna, Inna, har muryarta ta dushe. Sai da mutum biyu suka ɓamɓare hannunta. Na ce mata wataƙila ba kya gida."

Ina gida. Ina bayan ɗaki, ƙasa da ita da 'yan taku, da taɓarya a hannuna, ban ji komai ba sai ruwa.